Ina so in kafa kejin kifi a ruwan Legas, wane wuri ya dace?

Tambaya: Ina sana'ar busasshen kifi a Mile 12. Ni da abokaina mun haɗa kuɗi za mu fara kiwon tarwaɗa a keji, a ruwan Ikorodu ko Epe. Wani ya ce mana ruwa ba na kowa ba ne, duk inda muka ga fili mu kafa. Haka ne?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka haka bai san ruwan Legas ba. Yadda daji yake da burtali da gonaki, haka wannan ruwan yake a rabe, sai dai ba ka ganin iyakokin da ido. Akwai hanyar jiragen fasinja da ke tashi daga Ikorodu zuwa cikin gari, akwai masu haƙar yashi, akwai masunta Yarabawa da Egun da suka gaji wuraren kamunsu, har da masu kafa rassan itace cikin ruwa don kifi ya taru, abin da ake kira akaja. Ga kuma masu cike ruwa da yashi su yi gini, kamar yadda aka yi Eko Atlantic a inda Bar Beach take a da.

Inda matsalar take shi ne zurfi. Tafkin Legas galibinsa marar zurfi ne, keji kuwa yana buƙatar rata tsakanin gindinsa da laka, don ruwa ya riƙa wanke kashin kifi da ragowar abinci. To wuraren da suke da zurfin su ne ko dai hanyar jirgi, ko ramin da masu yashi suka bari. Na farkon ba za a bar ka ba. Na biyun yana ruɗin mutane, domin ruwan ƙasan rami yakan kwanta babu iska a cikinsa, ranar da ya motsa sai ka tarar kifi sun taso suna haki. Idan kuma injin haƙa yana aiki kusa, ruwa ya gurɓace da laka, kifi ya rage cin abinci, kai kuma kuɗin abincin ne mafi nauyi a kanka.

Sai gishiri. Da rani ruwan teku yana shigowa ta bakin Apapa, yankin da ke kusa da gari ya yi gishiri, da damina kuma ya koma kusan ruwan daɗi. Tarwaɗa ba ta jure gishiri mai yawa, wasu nau'in karfasa ne ke jurewa. Shi ya sa Epe, da ruwanta bai cika gishiri ba, ta fi dacewa da ku. Amma ku je ku ga wurin a ƙarshen damina, lokacin da ciyawar nan mai yawo a kan ruwa ke rufe ko'ina. Ku kuma lura cewa tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Dangote a 2023, gabar wannan yankin ta yi tsada kuma masu nemanta sun yi yawa.

Batun izini yana hannu fiye da ɗaya. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ikon hanyoyin ruwa na cikin gida yana hannun hukumar tarayya, NIWA, bayan doguwar taƙaddama da jihar Legas, wadda ke da tata hukumar, LASWA, tun 2008. Filaye kuwa galibi suna ƙarƙashin gwamna bisa dokar filaye ta 1978, amma ku bincika wanda yake da iko da filin bakin ruwa da za ku ajiye abinci da kwalekwale. Ku fara da sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha, ku nemi a auna muku ruwan, cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island aikinta ke nan.

Ni dai a ganina kafin duk wannan ku zauna da baale, wato mai garin, da shugabannin masuntan ƙauyen, a rubuta yarjejeniya, a ɗauki 'ya'yansu gadi. Ku fara da keji biyu, ku ga yadda za su ƙetare damina da rani kafin ku ƙara.