Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Wasan Kwaikwayo Ya Mamaye Talabijin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a unguwar Jekadafari da ke Gombe. Kullum bayan sallar isha'i sai an yi jayayya a kan rimot a gidana: maigida yana son labarai, ni ina son wasan kwaikwayo, yara kuma suna neman katun, wanda ba sa samunsa sai da Turanci ko Larabci. Me ya sa tashoshinmu na Hausa suka cika da wasan kwaikwayo da barkwanci, amma shirin yara da shirin da ke nuna ainihin rayuwa da tarihi suka yi ƙaranci? Da can ma haka abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Da can ba haka abin yake ba, kuma abin da ya sauya shi ne aljihun da kuɗin shiri ke fitowa.

Lokacin da aka buɗe tashar talabijin ta farko a ƙasar nan a Ibadan a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962 zamanin Sardauna, har aka haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977, gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin kuɗin. Mai shirya shiri albashi yake karɓa ko an kalla ko ba a kalla ba, saboda haka jadawalin yini yakan ba kowa haƙƙinsa. Ina iya tuna yadda muke yin cincirindo a tagar wani maƙwabcinmu a Bauchi tun kafin a buɗe tasha da yamma, muna zuba wa akwati mai hoton baƙi da fari ido. Mu yara muna da namu rabon, irin su Tales by Moonlight da aka fara a 1984, manya kuma suna jiran Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne ya mayar da Hausar bariki abin dariya, ko Karambana na marigayi Kasimu Yero. Tasha ɗaya ce, sa'o'inta kaɗan, amma kowa yakan tashi da abin da ya samu.

A 1992 aka kafa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, aka kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Daga nan shiri ya koma abin da dole ya ciyar da kansa ta hanyar talla, mai talla kuwa inda jama'a suka taru yake kai hajarsa. Wasan kwaikwayo mai dogon zango ya fi kowane shiri iya tara jama'a, domin ana yanke shi ne daidai inda ran mai kallo ya rataya, sai ya dawo mako mai zuwa ko da kuwa sai ya sayi man janareto. Ga shi da sauƙin shiryawa: gida ɗaya da 'yan wasa goma sun isa a fitar da kashi masu yawa. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna ƙarfin wannan hanya da shirin Daɗin Kowa, wanda garinsa ƙirƙirarre ne, ko da yake ku mutanen Gombe kuna da naku Daɗin Kowan na gaske mai madatsar ruwa a kan kogin Gongola. Barkwanci ya ma fi arha, tun da yanzu waya ɗaya da mutum biyu masu baki sun wadatar.

Shirin gaskiya kuwa, wato mai nuna ainihin rayuwa da tarihi, lissafinsa daban ne. A ce ana son nuna giwayen Yankari. Giwa ba 'yar wasa ba ce da za a ce mata ta maimaita fitowa, sai ma'aikata sun kwana sun tashi a daji, ana ƙona mai, ana biyan masauki da ɗan jagora, wataƙila bayan makonni a tsira da abin da bai wuce rabin sa'a ba, a nuna shi sau ɗaya ya ƙare. Duk da haka, idan aka yi shi da kyau yana yin abin da wasan kwaikwayo ba ya yi. Binciken da BBC ta fitar a 2018 kan shan maganin tari mai kodin bai yi mako guda ba gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da irin wannan magani.

Shirin yara shi ne maraya a cikinsu, domin yaro ba shi da kuɗin sayen abin da ake tallatawa, katun kuma yana cin aiki: daƙiƙa guda ta motsi kan buƙaci zane 12 zuwa 24. Shi ya sa akasarin waɗanda muka gani da tallafin waje suka zo. Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011, wanda daga baya aka yi na Hausarsa, hukumar raya ƙasashe ta Amurka ce ta ɗauki nauyinsa, kuma irin wannan shiri yakan tsaya ne ranar da tallafi ya tsaya.

A ganina, Malama, ba daidai ba ne mu jira ɗan kasuwa ya yi aikin da babu riba a cikinsa. Wannan giɓi na tashoshin da ake gudanarwa da kuɗin jama'a ne, irin su BATV a Bauchi da tashar jiha a Gombe, kuma ba sai da katun za a cike shi ba. Tabarma, da tsohuwa mai iya zance, da yara goma da za su amsa "ta zo mu ji ta" idan ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", sun isa a yi shiri na mako-mako a kan Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici. Ku malamai kuna da bakin magana a nan, domin takardar da ƙungiyar iyaye da malamai ta sa wa hannu ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi a teburin shugaban tasha.

TAMBAYA: Ni magidanci ne daga Azare. Ɗana mai shekara uku ba ya cin abinci sai an kunna masa katun. Sa'a nawa ya kamata ya kalla?

AMSA: Malam, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce, yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini, waya da talabijin duka a haɗe. Ka fara da raba kallo da cin abinci. Zai yi kuka na 'yan kwanaki, ku daure kai da mahaifiyarsa, kada ɗaya ya hana ɗaya ya kunna. Sa'ar da aka ba shi kuma wani babba ya zauna tare da shi, yana tambayarsa da Hausa sunan dabbar da ya gani da abin da ta yi.