Daga ina baƙar giyar fota ta samo ƙamshin gahawa da cakulan?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar abinci a Ingila. A darasinmu na sarrafa hatsi an kai mu wata ƙaramar masana'antar giya a Landan, inda aka zuba wa 'yan ajinmu wata baƙar giya da ake kira fota. Ni ba na shan giya, don haka na tsaya ina sauraro kawai, sai na ji wannan yana cewa gahawa ya ji a ciki, wancan yana cewa cakulan. Shin zuba waɗannan abubuwa ake yi a cikinta? Me masu ɗanɗano suke nema, kuma ta yaya mutum irina zai fahimci darasin ba tare da ya kai ta bakinsa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da tambaya, Allah ya ba da sa'ar karatu. A fota ta asali ba a zuba gahawa, ba a zuba cakulan. Kayan haɗinta huɗu ne kamar sauran giyar Turawa, wato ruwa da tsiron sha'ir da yis da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hop, wanda yake ba da ɗaci kuma yake hana saurin lalacewa. Gaskiya ne wasu ƙananan masu sana'ar a yau suna ƙara gahawa ko kwakwa ko garin koko, amma idan sun yi haka sukan rubuta a jikin kwalbar. Abin da 'yan ajinka suka ji daga wuta ya fito, wato daga irin gashin da aka yi wa hatsin.

Aikin yana farawa ne da abin da mutanenmu suka daɗe da sani, domin yadda ake jiƙa dawa ko gero a rufe har ya tsiro don a zaƙaƙa kunu, haka ake yi wa sha'ir. Ana jiƙa shi kamar kwana biyu, a baza shi kwana huɗu ko biyar, a lokacin ne ƙwayar take farkar da sinadaran da za su mayar da sitacinta sukari. Daga nan sai a busar da shi da zafi don a tsayar da tsirar, kuma a wannan mataki ne hanyoyi suke rabuwa. Idan an busar da shi a hankali sai ya fito fari, mai ɗanɗanon biskit. Idan aka ƙara masa wuta sai ya yi ruwan ƙasa, ya ɗauki ƙamshin ɓawon burodi. Idan kuwa aka juya shi a gangar gashi har zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, sai ya yi duhu kamar gasasshiyar gahawa, kuma ƙamshinsu ya zo kusan ɗaya. Dalilin kamannin shi ne haɗuwar sukari da sinadaran furotin a kan zafi, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwa ce take faruwa a ƙwayar gahawa da ƙwayar koko da gyaɗar da ake soyawa a cikin yashi, kuma a ko'ina sinadaran ƙamshi masu kama da juna take haifarwa. Hancin ɗan ajinka bai yi ƙarya ba, ya gane dangin abin da ya saba ji ne a kofinsa na safe.

A nan Hausa ta ba ka kalmomi biyu da nake ganin sun fi duk wani jadawalin ɗanɗano amfani, su ne gardi da ƙauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai suyar gyaɗa ya san akwai ɗan lokaci kaɗan da gyaɗar take cika gardi, idan aka yi sakaci ya wuce sai ƙauri ya shiga, daɗin ya koma ɗaci. Haka ƙanzon tukunya yake, akwai wanda yara suke rububi a kansa, akwai wanda ya ƙone har ba ya ciwuwa. Gwanintar mai dafa fota duka a wannan siririyar iyaka take, ya kai hatsinsa gaɓar ƙauri ba tare da ya bari ya faɗa ciki ba. Mai ɗanɗano kuwa, duk dogon bayanin da zai yi, ainihin abin da yake aunawa shi ne ko an tsaya a daidai gaɓar.

Tarihin giyar ma tarihin wannan gashi ne. A Landan ta samo asali wajen shekarun 1720, kuma sunanta na Turanci sunan 'yan dako ne, masu ɗaukar kaya a titunan birnin da bakin Kogin Temz, saboda su ne manyan masu sayenta. Da farko da tsiro mai ruwan ƙasa zalla ake dafa ta, a adana ta watanni a manyan gangunan katako, inda wani yis na daji yake ba ta ɗan tsami da ƙamshi na dabam. Girman gangunan ya kai matuƙa, har a watan Oktoba na 1814 ɗaya ta fashe a masana'antar Meux, giyar ta malale cikin unguwar talakawa da ke kusa, mutum takwas suka rasa rayukansu. Sauyi ya zo ne lokacin da masu sana'ar suka fara amfani da ma'aunin sukari a ƙarshen ƙarni na 18, suka gano cewa farin tsiro ya fi mai ruwan ƙasa ba da sukari nesa ba kusa ba. Sai suka koma gare shi, amma giyar ta rasa duhunta, har zuwa 1817 da Daniel Wheeler ya yi rajistar gangar gashi mai juyawa, wadda take baƙanta tsiro ba tare da ya kama da wuta ba. Tun daga lokacin mafi yawan hatsin fota fari ne, baƙin kuwa ɗan kaɗan ne. Ruwan Landan ma ya taimaka, domin yana da sinadarin da yake kashe tsamin gasasshen hatsi, kamar yadda ɗan jiƙon kanwa yake kashe tsamin miya.

Wadda aka dafa da ƙarfi ita aka riƙa kira sitawut fota, daga baya aka taƙaita sunan ya zama sitawut, kuma ta nan ne zancen ya taɓo Najeriya. Kamfanin Guinness mai dafa sitawut, wanda Arthur Guinness ya kafa a Dublin a 1759, ya buɗe masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, kuma bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masana'antun ƙasar suka koma ga dawa da masara. Ita fota kanta ta kusa ɓacewa a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ƙananan masu sana'a suka farfaɗo da ita, cikinsu har da masana'antar Anchor ta San Francisco a Amurka a 1972. Irin waɗannan ne jikokinsu suka karɓe ku a Landan.

Game da abin da masu ɗanɗano suke yi, abu na farko shi ne ba sa son ta da sanyi ƙarara. Tsakanin digiri 10 zuwa 13 ake so, saboda sanyi mai yawa yana danne ƙamshi, ya bar ɗaci shi kaɗai a baki. Ana zuba ta a tambulan mai tsabta wanda ba maiƙo a jikinsa, domin maiƙo yana kashe kumfa nan take, sannan a ɗaga ta a gaban haske. A kan tebur baƙa ce, amma idan haske ya ratsa gefen tambulan sai ka ga ja mai duhu kamar jiƙon zoɓo mai kauri, kumfar kuma ruwan ƙasa-ƙasa ce, wadda ya kamata ta daɗe tana barin zane a jikin gilashin. Sai a ɗan juya tambulan a shinshina gajere-gajere, domin dogon shaƙa yana gajiyar da hanci. Harshe abu biyar kawai yake ganewa, zaƙi da tsami da gishiri da ɗaci da daɗin nan na romo, duk sauran abin da ake kira ɗanɗano hanci ne yake kama shi, ko dai ta gaba ko ta bayan maƙogwaro lokacin da mutum ya fitar da numfashi. Shi ya sa mai mura yake cewa abinci ya yi masa salam.

A baki kuwa ana duba nauyinta, kada ta yi tsararo kamar ruwa, kada kuma ta yi danƙo. Ana so zaƙin tsiro ya fara zuwa, gardin gashi ya biyo baya, ɗacin hop ya rufe ba tare da ya daɗe yana kartar harshe ba. Fotar Ingila takan zo da laushi, barasarta kashi 4 zuwa 5 da ɗoriya cikin 100, ta Amurka ta fi ɗaci da ƙarfin gashi, ta ƙasashen Tekun Baltik irin su Folan da Finlan kuma ta fi su duka nauyi, tana kaiwa kashi 7 zuwa 9, da ƙamshin busassun 'ya'yan itace. A ra'ayina yawancin ƙananan masu sana'a da suke kuskure a wajen baƙin tsiro suke yinsa, su zuba da yawa don giyar ta burge ido, sai ta fito da bauri irin na ɗanyen goro da warin toka. Wannan aibi ne, ko da an rubuta masa suna mai daɗi a kwalba.

Sauran aibobin ma da hanci ake kama su, kuma kowanne yana nuna inda aka yi sakaci. Warin man shanu yana nufin an raba giyar da yis, mai mayar da sukari barasa, kafin ya gama aikinsa. Warin jiƙaƙƙen kwali alama ce ta iska ta shiga kuma giyar ta tsufa. Akwai kuma wani wari mai kaifi da yake tasowa idan hasken rana ya bugi sinadaran hop, wanda shi ne dalilin da ya sa ake fifita kwalba mai ruwan ƙasa a kan koriya ko fara.

Kai da ba ka sha, ba sai ka saɓa wa aƙidarka ba kafin ka ci wannan darasi, domin babban abin da ya bambanta fota da sauran giya yana cikin hatsin tun kafin yis ya taɓa shi. Ka roƙi malaminku ko mai masana'antar ya ba ka tsiro iri huɗu, fari da mai ruwan ƙasa da wanda ake kira na cakulan da baƙi, kowanne cikin tafin hannu. Ka fasa ƙwaya ɗaya da haƙori ka duba cikinta, za ka ga na farin kamar alli yake, yana narkewa da ɗan zaƙi, na baƙin kuwa yana rugurgujewa kamar gawayi. Sannan ka daddaka kowanne dabam, ka jiƙa a ruwa mai zafin digiri 65 na minti 15, ka tace da takardar tace gahawa. Abin da ya fito ruwan hatsi ne kawai, babu barasa a cikinsa tunda ba a sa yis ba, kuma da irin wannan jiƙo ne masu sayen tsiro suke gwada ingancinsa. Ka jera kofunan daga fari zuwa baƙi, ka kurɓa ɗaya bayan ɗaya da ruwa a tsakani, daga baya ka ɗiga cokali ɗaya na baƙin a cikin kofin farin, ka ƙara wani, ka ƙara wani, kana rubuta cokali na nawa ne gardin ya fara juyewa zuwa ƙauri.