Tambaya da Amsa: Madubin hangen nesa a cikin jirgin ruwa

Tambaya: Na gāji wani tsohon madubin hangen nesa na tagulla, irin wanda ake zarewa gaɓa uku, an naɗe jikinsa da fata. Ina tuƙa jirgi mai inji tsakanin Yawuri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji. A tudu yana nuna abu tangaran, amma a kan ruwa ban iya kama komai da shi. Ya lalace ne? (Mai karatu daga Yawuri)

Amsa: Malam, lafiyarsa ƙalau, aikin ne ba nasa ba. Irin waɗannan madubai na aljihu sukan kusanto da abu ninki 15 zuwa 25, kuma duk abin da ya ninka girman hoto yana ninka motsi. Ɗan layin da jirgi ke yi, da karkarwar inji, da rawar hannu, kowanne sai ya zama ninki ashirin a idonka. Shi ya sa ma'aikatan jiragen ruwa suka daɗe da tsayawa a kan ninki 7.

Akwai kuma faɗin abin da yake nunawa. Tsohon madubi mai ninki 25 bai cika wuce digiri ɗaya da ɗan wani abu ba, wato kamar mita 20 a nisan kilomita ɗaya. Na zamani mai ninki 7 yana nuna wajen mita 120 a wannan nisa. Neman kututturen da ya ɗan leƙo saman ruwa, ko kan dorina, ta irin wannan 'yar kafa, jirgi yana tafiya, wahala ce kawai.

Na uku shi ne haske, kuma a nan ya fi kasawa. Ka raba faɗin gilashin gaba da ninkin kusantarwa, za ka samu faɗin ɗigon hasken da ke fitowa zuwa ido. Gilashi mai milimita 30 da ninki 25 yana ba da milimita 1.2 kacal. Ƙofar baƙin idon mutum kuwa milimita 2 zuwa 3 ce da rana, da duhu takan buɗe har 7 ga matashi, wajen 5 ga wanda ya manyanta. Da jirgi ya ɗan karkata, wannan ɗan ɗigo ya goce daga ido, sai duhu. Bugu da ƙari, sai a 1935 aka ƙirƙiro shafen da ke hana gilashi mayar da haske, a kamfanin Zeiss na Jamus. Gilashin da ba shi da shafe yana zubar da kusan kashi 4 cikin ɗari a kowace fuska, kuma a cikin madubinka haske na ratsa fuskoki goma zuwa sha biyu. Kashi ɗaya bisa uku ya tafi ke nan kafin ya iso gare ka. Da asuba da almuru, lokacin da matuƙi ya fi bukatar gani, ba zai tsinana maka komai ba.

A tudu dai yana da amfani. Ka zare gaɓoɓin duka har ƙarshe, ka ɗora shi a kan reshe ko bango, sannan ka riƙa tura ƙaramar gaɓar ciki a hankali har hoto ya fito. Ka sa alama da fensir a wurin don gobe.

Tambaya: Wanne zan saya cikin na zamani masu ido ɗaya? Na ga ana tallar wani a intanet an rubuta 40x60, da arha. (Mai karatu daga Lokoja)

Amsa: Ka riƙe kuɗinka. Lambar farko ninkin kusantarwa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba da milimita. Da a ce gaskiya ne, gilashinsa zai kai santimita shida. Ka sa ruler a kai, galibi ba ya kaiwa, ninkin ma yakan tsaya kusa da 8 ko 10. Ko da ya kai 40 ɗin, amsar da ke sama ta nuna ba a cikin jirgi za a more shi ba.

Ka nemi 7x42 ko 8x42. Na farko yana ba da ɗigon haske milimita 6, na biyu 5 da ɗan ƙari, duka sun wadatar da safe da yamma. Mai 8x25 yana shiga aljihu amma na rana ne kawai. Mai ido biyu 7x50 ya fi daɗin kallo, ba musu, sai dai mai ido ɗaya ya fi sauƙin nauyi, kuma yana bar maka hannu guda ka riƙe sitiyari ko gefen jirgi.

A shago, ka riƙe shi nesa da fuska, ka fuskanci haske, ka dubi ɗigon da ke cikin gilashin ido. In zagaye ne cif, gilashin kusurwa (prism) da ke miƙe hoto a ciki mai kyau ne, wanda ake rubuta wa BaK-4. In ka ga gefunan sun dushe sun yi kamar murabba'i, na arha ne. Ka nemi alamar IPX7, wadda ke nufin ya jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30, kuma a ce an cika cikinsa da iskar naitirojin don kada ya yi gumi daga ciki. Hana ruwa shiga daban, tasowa sama daban: yawancinsu nutsewa suke yi, don haka ka ɗaura masa igiyar wuya mai soso.

Abu ɗaya da madubi ba zai iya ba: nuna abin da ke bayan lanƙwasar duniya. Wanda ke zaune a kwalekwale, idonsa mita ɗaya daga ruwa, iyakar fuskar ruwan da zai hango kilomita uku da rabi ne. In ya miƙe ya kai mita biyu, ya samu biyar. Kuma kada a kuskura a kalli rana da shi, ko na ƙiftawar ido.

Tambaya: Nawa yana da kamfas da wasu 'yan zane-zane a ciki. Mene ne aikinsu? (Mai karatu daga Yamai)

Amsa: Zane-zanen na auna nisa ne, da ma'aunin kusurwa da ake kira mil (ba mil na tsawon hanya ba). In ka san tsayin abu, ka ninka shi da 1000, ka raba da adadin mil ɗin da ya cika. Hasumiya mai mita 30 da ta cika mil 20 tana nisan mita 1,500. Ka duba takardar madubin, domin a wasu kowane zane mil 5 ne, a wasu 10. Kamfas kuwa ba ya shiri da ƙarfe: inji, wayar hannu da rediyo duk suna karkatar da shi, sai ka matsa nesa da su kafin ka karanta. Masu ƙera shi kuma suna daidaita nauyin faifansa da yankin duniya, don haka wanda aka yi wa arewacin Turai yana iya jirkicewa ya riƙa maƙalewa a yankinmu.

Tambaya: Na sayi wani a hannun 'yan gwanjo, an zana masa "Kelvin & Hughes London 1917". Gaɓoɓin sun cije, gilashin kuma yana da zane kamar saƙar gizo. Yaya zan gyara? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Hajiya, kamfani mai wannan suna sai a 1947 aka kafa shi, saboda haka naki kwaikwayo ne na ado. Irinsu sun cika kasuwa. Haka ake yi da sunan John Dollond, mutumin Landan da ya yi rajistar gilashi mai haɗi biyu a 1758. Na gaske yana da irin wannan gilashi a gaba. Jabu sau da yawa guda ɗaya ne, shi ya sa ake ganin bakan gizo a gefen komai.

Gaɓar da ta cije kada a sa mata filaya, tagullar siririya ce, in ta loɓa shi ke nan. A warware zoben da ke riƙe da ita, a zare, a goge dattin da ƙyalle mai ɗan sifirit. Ba a zuba man inji, yana gangarawa kan gilashi ya tara ƙura. Saƙar gizon funfuna ce da damshi ya haifar. A ciro gilasan ɗaya bayan ɗaya, a sa wa gefen kowanne alamar fensir da ke nuna gaba, domin in aka juya guda hoton ya ɓaci. A fara hure ƙura da ɗan famfon roba, tunda ƙurar hunturu yashi ce mai karce gilashi, sannan a goge da auduga da sifirit daga tsakiya zuwa gefe. Funfunar da ta daɗe takan ci fuskar gilashin, wannan tabo ba ya fita. Da damina a ajiye shi cikin gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ba cikin jakar fatarsa ba.