Ba bakinsu ɗaya ba kan wannan batu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kiristoci na kallon duk wanda ba ya addininsu a matsayin ɓatacce. Gaskiya sun rabu.

Majami'u irin su ECWA sun riƙe Yohanna 14:6, inda Yesu ya ce shi ne hanya, ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa. A wurinsu ƙofar ceto ɗaya ce tak, shi ya sa ba sa wasa da wa'azi.

Katolika kuwa sun sassauta. A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu, wato babban taron shugabannin Katolika na duniya, ta fitar da takardar Nostra Aetate, wadda ta ce Ikilisiya ba ta ƙin duk abin da ke gaskiya mai tsarki a wasu addinai, kuma tana mutunta Musulmi domin Allah ɗaya suke bauta wa. Amma fa kada ka zaci sun ce duk addinai ɗaya ne. Har gobe a wurinsu Almasihu ne mai ceto.

Ni dai a ganina, yarda da aƙidar mutum daban, zama lafiya da shi daban. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannu a rikicin Kiristoci da Musulmi na 1992, daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sasanci, ba wanda ya bar addininsa.