Amsa ga ɗan'uwan da ƙirji ke damunsa bayan bugun zuciya

Salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce wata huɗu kenan da bugun zuciya ya kwantar da kai, an buɗe jijiyar an sa maka sitent, wato ɗan bututun nan mai kama da raga da ke riƙe jijiyar zuciya a buɗe, likita ya ce aiki ya yi kyau, amma har yanzu ƙirjin na taso maka jefi-jefi, kana tambaya ko haka yake wa kowa ko kuwa wani bugun ne ke tafe. Ni ma an sa min shekarun baya, kuma na sha wannan fama, to ga abin da na sani.

Gaskiya ciwon ƙirji bayan an warke ba baƙon abu ba ne, kuma ba kowanne ne daga zuciya yake ba, amma ba kai ne za ka zauna cikin dare kana yanke hukuncin wanne ne wanne ba. Abin da ya fi taimaka min shi ne na zauna da likitan zuciya muka tsayar da ƙa'ida guda, in ciwo ya zo ga abin da zan yi, ba sai na tsaya shawara da tsoro ba.

Ƙa'idar kuwa ita ce, in ka ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, ka bar duk abin da kake yi ka zauna, ka sa maganin ƙarƙashin harshen nan, naitiro, in an rubuta maka shi, ka duba agogo. Minti 5 suka wuce bai lafa ba, ko ma ƙaruwa yake, a kira motar asibiti ko wani ya kai ka, kar ka tuƙa kanka don Allah. Wasu likitocin na cewa a ƙara na biyu a sake jiran minti 5, ka tambayi naka wanne yake so ka bi. Amma in ciwon ya zo da zufa mai sanyi, ko numfashi na yankewa, ko jiri da tashin zuciya, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko dai ka ji shi sak irin na ranar farko, to babu maganar jira. Haka wanda ya same ka kana zaune ba ka yi komai ba, ko ya tashe ka daga barci, ko da can sai ka hau bene yake zuwa yanzu kuma ɗan takawa kaɗan ya isa, shi ma na ranar ne ba na jiran ranar ganin likita ba. Masu ciwon suga da mata su ƙara kula, nasu wani lokaci ba ya zuwa da ciwo sosai, kasala ce kawai da haki.

Ka sa naitiron a zaune fa, yana saukar da jini, jiri na iya kayar da mutum, kuma ciwon kan da yake kawowa ba wani abu ba ne, yana wucewa. Sannan maganar da maza ba sa son faɗa, ba a haɗa naitiro da maganin ƙarfin maza, Viagra da ire-irensa, cikin awa 24 da shan Viagra, Cialis kuwa awa 48, jini na iya faɗuwa warwas. Ka gaya wa likitanka gaskiya.

Yanzu sauran ciwukan. Nawa yawanci suka ne a gefen hagu, wuri ɗaya tak da zan iya nunawa da yatsa. Wata rana aka kai ni asibiti da shi, aka liƙa min wayoyin isiji, na'urar da ke duba yadda zuciya ke bugawa, aka ɗebi jini na gwajin tiroponin, wanda ke nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni, aka maimaita bayan 'yan awanni, duk lafiya lau, sai likitar ta sa babban yatsanta daidai inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji ta danna, wallahi sai da na zabura, ta ce to ga shi nan, guringuntsi ne ya kumbura. Amma ta ja min kunne cewa jin zafi in an danna ba ya wanke zuciya ɗari bisa ɗari, kuma zuwan da na yi daidai ne. Ban taɓa ganin likitan zuciyar da ya yi faɗa don mai sitent ya zo an duba ba a ga komai ba, kar kunya ta hana ka.

Akwai kuma ƙwannafi, don asfirin na cin ciki, zafinsa na tasowa bayan cin abinci ko in ka kwanta. Akwai kumburin jakar da ta lulluɓe zuciya, yakan zo makonni bayan bugun, yana tsananta in ka ja numfashi ko ka kwanta rigingine, ya yi sauƙi in ka zauna ka ɗan sunkuya gaba. Sannan sitent ɗin kansa wani lokaci tsoka na girma a cikinsa ya sake tsukewa, galibi cikin shekarar farko, kai kuma wata huɗu kake, shi ya sa nake so ka koma wa likita da wannan maganar ko da ciwon ba ya da ƙarfi.

Kafin ka je ka samu ɗan littafi. Duk lokacin da ya zo ka rubuta ƙarfe nawa, me kake yi, a ina yake, minti nawa ya ɗauka, ka sa naitiro ko ba ka sa ba, ya yi aiki ko bai yi ba. Layi ɗaya ya isa. Likita ya fi amfana da wannan a kan ka ce masa ƙirjina na ciwo kawai.

Magunguna kuwa, asfirin da abokinsa, Plavix ko Brilinta, masu hana jini daskarewa, yawanci wata 12 ake shan su tare, kar ka tsayar ko na kwana ɗaya ba da izinin likitan zuciya ba, ko haƙori za a cire maka, don jini na iya daskarewa a cikin sitent ɗin. Kuma ka guji ibufurofen da dikulofenak, mutane na saya don ciwon ƙirjin nan alhali suna ƙara haɗarin bugun da zubar jini.

Tsoro shi ma ciwo ne na gaske, yana ɗaure ƙirji ya sa zuciya gudu, kuma da yawanmu mun yi watanni muna kasa kunne ga kowane motsi a jikinmu. Abin da ya sassauta min shi ne shirin motsa jiki na masu ciwon zuciya, inda za ka yi tafiya a kan na'ura ma'aikata na kallon bugunka, ka yi gumi ka ga ba abin da ya faru. Ka tambaya ko asibitinku na yi. In barci ya gagara ko ka daina fita saboda fargaba, ka faɗa wa likita wannan ma, ana maganinsa. In ka dawo daga wajensa ka sanar da mu yadda kuka yi, Allah ya ba da lafiya mai ɗorewa.