Idan bakin ma'aikatan lafiya bai zo ɗaya ba a kan annoba, maganar wa za a kama?

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: Likita, lokacin korona wata nas maƙwabciyarmu ta ce mu je a yi mana rigakafi, wata kuma da ke aiki a asibiti ta raɗa mana cewa ita kanta ba za ta yarda a yi mata ba. Shin sun san cutar kuwa? Idan wata annobar ta zo, wa za mu saurara?

Amsa: Hajiya, abin da ma'aikacin lafiya ya sani daban ne da abin da zuciyarsa ta natsu da shi, kuma a lokacin annoba tazarar da ke tsakaninsu takan yi faɗi.

Ranar 12 ga Maris 2020 da aka tabbatar da mutum biyu na farko masu cutar a Gana, watanni kaɗan ke nan da duniya ta fara jin labarin ƙwayar, don haka babu likita ko nas da ya karanta ta a makaranta. Ana aiki ana koyo ne, kuma sabon bayani yakan isa manyan asibitocin koyarwa irin su Komfo Anokye da Korle Bu kafin ya kai ƙananan wuraren shan magani na karkara. Shawarwarin ma sun yi ta sauyawa. Sai a watan Yuni 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci jama'a su riƙa sa takunkumi a cikin cunkoso, daga baya kuma aka ƙara fahimtar yadda ƙwayar ke yawo a iskar ɗakin da ba a buɗe tagoginsa. Wanda ya ji maganar jiya ya kuma ji ta yau zai iya zaton ƙarya ake yi masa, alhali sani ne ke ƙaruwa.

Batun zuciya ya fi wannan nauyi. Ma'aikatan nan sun yi aiki cikin ƙarancin kayan kariya a farkon lamarin, sun ga abokan aikinsu sun kamu, har cutar ta yi ajalin babban likita Farfesa Jacob Plange-Rhule a watan Afrilu 2020. Wasu sun fuskanci ƙyama daga maƙwabta saboda kawai asibiti suke aiki. Idan nas ta tashi daga aiki, zangon nan namu take komowa, saƙonnin WhatsApp ɗin da ke shigo wayarki su ne ke shiga tata, kuma tana da uwa ko miji da ke tsoratar da ita. Kayan aiki ba sa cire wa mutum tsoro.

Akwai kuma abin da ya ƙara rura wutar shakka. Gana ce ƙasa ta farko da ta karɓi allurai ta COVAX, shirin raba rigakafin korona ga ƙasashen duniya, guda 600,000 na AstraZeneca, ranar 24 ga Fabrairu 2021. Makonni kaɗan bayan haka wasu ƙasashen Turai suka dakatar da allurar na ɗan lokaci saboda rahoton daskarewar jini. Matsalar gaskiya ce, amma ba kasafai take faruwa ba, kuma haɗarin cutar ga tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini ya fi nata nesa ba kusa ba. Mai yiwuwa rabin farko na labarin ne ya isa kunnen wadda ta yi miki raɗa. Ina tausaya mata a kan tsoronta, amma ban yarda ta miƙa shi ga maƙwabta kamar ilimi ba, domin mutane na ɗaukar maganarta ne da darajar asibitin da take aiki.

Saboda haka, Hajiya, duk ma'aikacin da ya ba ki shawara, ki tambaye shi cikin ladabi ko wannan matsayin Hukumar Lafiya ta Gana ne ko ra'ayinsa, kuma ina ya samo shi. Mai ilimi ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma ba ya buƙatar raɗa. Ki tuna kuma ba duk mai aiki a asibiti ne ya ƙware a cututtuka masu yaɗuwa ba. Jami'an da ke sa ido kan ɓarkewar cututtuka a ofishin lafiya na gunduma su suka fi samun sabon bayani.

An ga amfanin irin wannan sa ido a 2022, lokacin da cutar Marburg, dangin Ebola, ta ɓulla a yankinmu na Ashanti. An tura samfurin jini cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi da ke Legon, aka sake tabbatarwa a Dakar ta ƙasar Senegal, aka bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da marasa lafiyar, kuma a watan Satumba aka sanar da ƙarshen ɓarkewar. Aikin nan ba ya yiwuwa sai da gaskiyar jama'a, don haka idan zazzaɓi ya kai ki asibiti, kada ki ɓoye wa nas tafiyar da kika yi ko jinya ko wankan gawar da kika halarta, domin da wannan bayani take kare kanta da sauran marasa lafiya.