Alwala da sallar jam'i ga mai cutar soriyasis

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Likita ya ce soriyasis ce da ni, gwiwar hannuna da fatar kaina sun yi kauri suna ɓare fari-fari, in na sosa har jini. Ga man da nake shafawa, ga kunya, wani ma matsawa yake in na tsaya kusa da shi a sahu, shi ne na koma yin salla a gida. Ya alwalata take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa. Da farko dai ka koma masallaci. Wannan ciwo ba kuturta ba ne, ba ƙazuwa ba, likitoci sun tabbatar ba a ɗaukarsa ta musabiha ko haɗa kafaɗa, garkuwar jiki ce ke rikicewa ta sa fata sabuntawa cikin kwana 3 zuwa 4 alhali a lafiya kusan wata guda take yi, shi ya sa take taruwa tana ɓarewa. Wanda ya matsa rashin sani ne, ka yi masa bayani cikin hikima.

Ɓawon da ke zuba mai tsarki ne, ko ya cika darduma sallarka na nan. Jinin da ke tsattsafowa daga ƙurji da kansa yana yawan zuwa an yi rangwame a kansa, kuma a mazhabar Malikiyya fitar jini daga fata ba ta karya alwala.

Man shafawa kuma, in fata ta shanye shi maiƙo kawai ya rage, ruwa na isa, ba komai. In ya daskare ya zama shamaki sai ka goge kafin alwala ka mayar bayanta. Inda mutane ke cutar kansu shi ne cuɗawa, wani sai ya dirje wurin har ya yi ja wai don ruwa ya shiga, alhali dirza ƙara tada ciwon take. Ka bi da hannu a hankali ya isa, kar ka ɓamɓare komai. Ranar da ya tsage ruwa na cutarwa, shafa a kansa ko a kan bandeji, in nan ma ba hali kuma ya game yawancin gaɓɓan, ka yi taimama, Allah ya ce a Ma'ida aya ta 6 ba ya nufin sanya mana ƙunci.

Kar ka bar magani, ciwon kan lafa ya dawo, damuwa da taba sigari suna tada shi. In gaɓɓanka suka fara kumburi da ciwo gaya wa likita da wuri, soriyasis kan taɓa su.

Wallahu a'alam.